A Sakkwato, Maƙwabci Ne Ke Tantance Tuba

Akwai wata kalma da liman ke faɗa a kan mumbari ranar Juma'a, fasto ya faɗe ta ranar Lahadi, kowannensu kuma yana jin tasa ce: tuba. Da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932, ba su ƙago sabuwar kalma ba, wadda suka tarar a bakin jama'a suka ɗauka. Haka suka yi da zunubi da gafara da alheri, har da sunan Allah. Shi ya sa Kiristan da ke zaune a birnin Shehu ba shi da wurin ɓuya a cikin harshe. Idan ya ce ya tuba, ya sami sabon rai, maƙwabcinsa Musulmi ya gane abin da yake nufi sarai, kuma yana da mudun da zai auna shi da shi.

A koyarwar Kirista wannan sauyi ba kwaskwarima ba ne. Bisharar Yahaya ta kawo labarin Nikodimu, babban malamin Yahudawa da ya je wurin Yesu da dare, aka shaida masa cewa sai an sake haifar mutum. Masu bi suna cewa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba dabarar ɗan Adam ba. To, amma abin da ke faruwa a zuci Allah kaɗai ke gani. Mai gidan haya a Mabera ba ya gani. Mai sayen kayan gyaran mota a shagon wani ɗan kasuwa ba ya gani, haka majinyacin da wata nas ke duba shi da tsakar dare. Galibinsu ba za su taɓa sa ƙafa a majami'a ba har su koma ga Mahaliccinsu. Abin da suka sani game da addinin nan shi ne ko an biya kuɗin haya a kan lokaci, ko kayan da aka ce na asali ne na asalin ne, ko nas ɗin ta zo da aka kira ta.

A nan ne wa'azin da ya cika Najeriya a 'yan shekarun nan yake da rauni. An mayar da sabuwar haihuwa kamar takardar shiga daula: ka ba da baiko, ka sami mota, ka ci kwangila, maƙiyanka su ga ta kansu. Lasifika na ƙara girma, allunan talla na ƙara yawa, amma da wuya a ji ana tambayar mai bi ko ya mayar da abin da ya cinye. Alhali misalin tuba mafi sauƙin ganewa a Sabon Alkawari na wani mai karɓar haraji ne, Zakka na Yariko, a Bisharar Luka. Yana haɗuwa da Yesu sai ya shiga lissafi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda kuma ya zalunta zai biya shi ninki huɗu. Tubarsa ta rage masa arziki ne. Duk malamin da ya san sharuɗɗan tuba a Musulunci zai gyaɗa kai a nan, don shi ma yana koyar da cewa sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Kiristanci ma a ƙasar Sakkwato ta hannu ya shigo kafin baki. Bayan da sojojin Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shugabansu Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, aka kuma daɗe ana hana 'yan mishan yin wa'azi a masarautu. Ƙofar da ta buɗe musu a ƙarshen shekarun 1930 ita ce ta kuturta. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda ta yi a Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. Ba a ce babu wata manufa a ransu ba. Suna neman mabiya, kuma Musulmi da yawa sun yi zargin haka, da hujjarsu. Sai dai mutumin da danginsa ke ƙyamar cin tuwo da shi, ya ga wani yana wanke masa miki kowace safiya, ba ya bukatar tafinta. Asibitin Amanawa na nan har yau, haka na Galmi da ke tsallaken iyaka kusa da Birnin Ƙonni, wanda aka buɗe a 1950.

Katolika sun biyo baya da limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka. An kafa yankin cocin Katolika na Sakkwato a 1953, ya zama cikakken dayosis a 1964, tun 2011 kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da shi.

Daga wannan dayosis ne yaron da ya fi kowa nuna abin da ake magana a kai ya fito. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, maraya ne da ya tashi a Sakkwato, ya tafi makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna. Daren 8 ga Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar suka ɗauke ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. A farkon Fabrairu aka tabbatar da rasuwar Michael. Bayan 'yan watanni, wani da 'yan sanda suka kama, wanda ya amsa cewa shi ya kashe shi, ya shaida wa jaridar Daily Sun dalilinsa: yaron ya ƙi yin shiru, kullum yana yi masa wa'azi yana cewa ya bar mugun aikin da yake yi. A lura da wanda ya ba da wannan shaida. Ba bishop ba ne, ba abokin karatu ba ne, mutumin da ya fi kowa dalilin ɓata masa suna ne. A daji babu mawaƙa, babu jama'ar da za su tafa, babu ribar da za a ci. Abin da ke cikin tulu shi ya tsiyayo.

Jarrabawa ta biyu ta faɗo kan jama'a ne baki ɗaya. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi. Bayan kwana biyu zanga-zanga ta ɓarke, aka far wa babbar majami'ar Holy Family da wasu shaguna, har Gwamna Aminu Tambuwal ya sa dokar hana fita. Fadar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Bishop Kukah, wanda kowa ya san bakinsa ba ya shiru a kan masu mulki, ya nemi a hukunta masu laifi, ya kuma roƙi mabiyansa su kwantar da hankali. Hana matashi ɗaukar fansa a irin wannan rana ya fi shirya taron farkawa goma wuya.

Wani zai ce, to me halin kirkin ya tsinana? Bai ceci Michael ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi amfani da koyarwar haƙuri a rufe wa mutane baki ba. Gafara aikin wanda aka cuta ne, hukunci aikin hukuma ne, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Mutum biyun da aka gurfanar a kotu bayan kisan Deborah an sallame su daga baya, kuma wannan tabo ne da wa'azi ba zai goge ba. Amma Kirista bai taɓa karɓar alkawarin cewa rayuwar da ta gamshi Allah za ta zame masa sulke ba. Wanda yake bi ɗin ma gicciye shi aka yi.

Yawancin masu bi a Sakkwato ba za su gamu da bakin bindiga ba. Tasu jarrabawar ƙanana ce, mai maimaituwa: malamin da aka miƙa wa ambulan don ya ƙara maki, sojan da ke tsaye a shinge, magidancin da ya dawo gida da fushi, 'yar Zumuntar Mata da ta ji wani labari mai daɗin yaɗawa. Akwai kuma yadda ake ambaton maƙwabta Musulmi idan an rufe ƙofa, wanda yara ke ji suna haddacewa.

Majami'u da yawa suna ware lokacin ba da shaida ranar Lahadi. Wannan ya tashi ya gode wa Allah ya sami aiki, waccan ta haihu lafiya, wancan ya tsira daga haɗari a hanyar Gusau, jama'a su amsa da Halleluya. Babu laifi a ciki. Amma da fastoci za su riƙa neman wani irin mai shaidar daban: wanda zai miƙe ya ce a makon jiya ya je Babbar Kasuwa ya nemo Alhajin da ya yi wa ƙwange shekara uku da suka wuce, ya ba shi haƙuri, ya ƙirga masa kuɗinsa a hannu.