Dashen Ɓargo da Masu Sikila a Kudancin Kano

Edita,

Dashen ɓargo hanya ce da aka tabbatar tana raba mai sikila da cutarsa. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargon mai lafiya, a ɗura wa majinyaci ta jijiya kamar ƙarin jini. A Amurka aka fara warkar da sikila da shi a 1984, a Najeriya kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya buɗe fage a 2011.

Wahalar tana wajen share wa baƙon ɓargon wuri. Sai an kashe tsohon da magunguna masu ƙarfi irin na ciwon daji, kamar busulfan. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi na makonni, sau da yawa kuma a rasa haihuwa har abada, wanda ba ƙaramar magana ba ce ga saurayi ko budurwa a ƙasar Hausa. Wani lokacin ma baƙon ɓargon kan juya ya yaƙi jikin da ya sauke shi. Ga kuma neman mai bayarwa. An fi son shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. Gida mai mata uku da yara cike da tsakar gida a Kiru yana iya rasa ko mutum guda.

Nan binciken zamani ya dosa. Likitocin Jami'ar Johns Hopkins sun gano cewa ba da maganin cyclophosphamide kwana uku zuwa huɗu bayan dashe yana sa a iya karɓar ɓargon wanda ya dace rabi kawai, wato uwa ko uba. A Jami'ar Stanford ana gwada sinadarin garkuwa mai zaɓen ƙwayoyin ɓargo kaɗai ya kawar, ba tare da ya ƙona sauran jiki ba. Gyaran ƙwayar gado da ake kira Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, kuma shi ma sai da busulfan.

Duk wannan ya yi nisa da uwar da ke goye da yaro mai kumburin hannu da ɗorawar ido daga Riruwai, ta ratsa dajin Falgore zuwa Kano neman jini. Amma dashe ya fi kama yaron da cutar ba ta riga ta lalata masa ƙoda ko ƙwaƙwalwa ba. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna maganin hydroxyurea na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga irin waɗannan yara, kuma tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure.

Ana roƙon gwamnatin jiha ta kai gwajin jarirai da wannan magani asibitocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, domin yaran su kai lokacin da dashen zai yi sauƙi da sauran lafiyarsu.

Daga wani mai karatu,
Tudun Wada, Jihar Kano