Kwaɗon faifai ya gaza, wa zai biya mawaƙin Hausa?

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta haramta karya duk wata kariyar fasaha da mai waƙa ko fim ya sanya wa aikinsa. Sai dai wanda ya zaga kasuwar Sabon Gari ko bakin titin Samaru, gaban Jami'ar Ahmadu Bello, har zuwa Shika, zai tarar babu kwaɗon da za a ɓalle. Waƙa ta daɗe da barin faifai. Tana yawo daga kwamfutar masu tura waƙoƙi zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Xender da WhatsApp, ko kobo bai kai ga mai ita ba.

Manyan kamfanonin duniya sun riga sun gwada kwaɗon. A 2002 aka gano ana warware kariyar wasu faifan Sony ta hanyar ja layi da alƙalamin maka a gefensu. A 2003 wani ɗalibin Jami'ar Princeton, Alex Halderman, ya nuna danna maɓallin Shift kaɗai ya isa a tsallake wata kariyar. A 2005 kuma Sony BMG ya sha kunya bayan an bankaɗo manhajar da faifansa ke dasawa a ɓoye cikin kwamfutar mai saye, har ya janye miliyoyin faifai. A 2009 Apple ya cire kariyar daga waƙoƙin iTunes. Wanda ya saya da kuɗinsa ne ya wahala, mai kwafa kuwa ko a jikinsa.

A arewa, durƙushewar cinikin kaset da faifai, wanda kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta yi suna a kansa, ya sauya wanda ke ciyar da mawaƙi. Tun da mai sauraro ya daina saye, ɗan siyasa da mai biki suka zama manyan iyayen gida. Wanda kuwa abincinsa ke hannun mai mulki, da wuya bakinsa ya furta laifin mai mulkin. Ashe batun ya wuce aljihun mawaƙi, ya shafi irin waƙar da za a ji a kakar zaɓe. YouTube da Audiomack sun buɗe wata ƙofa, amma tsadar data na mayar da mutane wurin mai turawa.

Kamen waɗannan matasa zai ƙara yawan marasa aikin yi ne, kuma waƙar za ta ci gaba da yawo. Abin da ya fi dacewa shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da ƙungiyar tattara haƙƙin mawaƙa ta MCSN su yi wa rumfunan rajista, su karɓi ɗan kuɗin lasisi duk wata, sannan su wallafa a fili nawa aka tara da sunan kowane mawaƙin da ya amsa.