Rubutun Taro Daban, Rubutun Mutum Ɗaya Daban

Haba jama'a, abin ya isa haka! Kwamiti zai rubuta rahoto, sai sakatare ya buga a Word ya jefa zauren WhatsApp. Kowa ya sauke, ya gyara nasa, ya mayar. Kafin La'asar fayil biyar na yawo: "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "wannan ne na gaskiya". Gyaran da ma'aji ya yi wa alƙaluman kuɗi babu shi a kwafin shugaba. Ranar gabatarwa sai a hau zare ido, kowa na ɗora wa wani laifi.

Lalaci ne kawai. Tun 2006 Google ya sayi Writely, wanda ya zama Google Docs: takarda ɗaya, kowa ya shiga ya rubuta a lokaci guda, kuma manhajar tana ajiye sunan wanda ya goge layi da lokacin da ya goge. Kyauta ne. Wane uzuri ya rage wa sakataren da har yau yake raba kwafi kamar goron biki?

To, su ma 'yan burgar zamani ban ƙyale su ba, masu cewa duk rubutu sai a intanet. Marubuciyar da ke zaune ita kaɗai tana haɗa littafi mai shafi 300, me za ta yi da manhajar taro? Wa zai biya mata data, bayan hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025? Ga LibreOffice, kyauta tun 2010, ba ya neman intanet. Mai hali ya sayi Scrivener, ya jera littafinsa babi-babi. Kuma rubutun farko ba ya son ido. Ka buɗe wa mutum biyar shi tun yana ɗanye, kowa ya sa baki, ka ƙare da abin da ba naka ba.

Kafin a sauke kowace manhaja, a tambaya: hannu nawa ne zai taɓa takardar nan? In ɗaya ne, rubuta a na'urarka, ka ajiye kwafi a wani wuri. In da yawa ne, a buɗe takarda guda, a haramta tura fayil. Sakataren da ya ƙi ji, ranar da alƙaluma suka saɓa, shi kaɗai zai miƙe ya yi bayani.