Wa Ya Ba Da Aron Sarauniya Amina?

Jama'a, tun da aka saki fim ɗin nan mai suna Amina a dandalin Netflix cikin watan Nuwamba na shekarar 2021, Zazzagawa suka yi ta kumfar baki, wasu na cewa an ci mutuncin tarihinmu, wasu kuma na kiran a hana kallonsa. An yi hayaniyar makonni, ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa fim ɗin bai tafi ko'ina ba. Ya sauko daga intanet ya shiga shagunan masu tura finafinai a waya na Sabon Gari da Samaru, daga nan ya shige ɗakunan matanmu da aljihun 'ya'yanmu. Wannan shigowa gida ita ce ta dame ni, kuma a kanta nake son mu yi wa juna gaskiya, mu marubuta.

Da farko dai, fim ɗin yana da laifinsa. Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, ga kuma namu Ali Nuhu a ciki. Amma Sarauniyar Zazzau sai ga ta tana zuba Turanci, fadawanta na amsa mata da Turanci, in an jefa kalmar Hausa ɗaya sai ka ji ta kamar tsakuwa a cikin tuwo. An kuma jingina labarin a kan wata soyayya da babu ita a littattafan da muka gada. Duk da haka, a shekarar 2022 fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na Legas, ke nan duniya ta sa masa hannu.

Masu kare shi suna cewa ai fim nishaɗi ne, ba darasin tarihi ba. Wannan magana da ta yi daidai a zamanin silima, lokacin da mutum zai biya kuɗi ya kalla sau ɗaya, ya fito ya manta rabi. Fim ɗin da ya shigo gida kuwa, yaro zai kalle shi sau goma, babu malami kusa, babu littafi a gefe. Ni malamin makaranta ne, kuma na sha karanta amsar ɗalibi a kan Amina in tarar labarin fim ya kwashe ya zuba mini, har da sunayen da masu fim suka ƙaga. Yaron nan ba shi da laifi, domin kuwa shekaru da dama aka yi an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a maido da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bar wa waya aikin tanƙwarawa.

To, amma masu kiran a hana kallo su ma sun kauce hanya. Wace hukuma ce za ta bi katin waya ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Sabon Gari? Haka nan masu cewa don me wanda ba Bahaushe ba zai taɓa labarinmu, wannan ƙabilanci ne kawai. Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ne, amma a 1986 ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani na Nijar ya yi fim a kan Sarauniyar Lugu wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, har fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Bambancin shi ne, Hondo ya tarar da littafin ɗan gida ya tsaya a kansa. Wanda ya zo yin Amina, wane ƙagaggen littafin Hausa mai nauyi muka ajiye masa?

Alhali kuwa kayan aiki na nan jibge. Tarihin Kano, wanda fassararsa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Labarin da ya fi yaɗuwa a Zazzau kuwa ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta hau mulki wajen 1576 bayan ƙanenta Karama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Dubi tazarar kimanin shekara 150 tsakanin ruwayoyin nan biyu. A irin wannan giɓi ne marubuci mai basira yake gina labari, ya ƙaga abin da hankali zai ɗauka ba tare da ya rushe abin da aka sani ba. Kufan Turunku na nan, ragowar ganuwa na nan, Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello na nan Samaru, tafiyar ƙafa daga gidajen wasunmu.

Kada kuma a ce ba a taɓa yi ba. A garin nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a kan zamanin cinikin bayi, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa a 1976. Littafi ne ya haifi wasa, wasa ya haifi fim. Abin kunyar shi ne, fim ɗin ya ɓace mana shekara da shekaru, sai da aka gyara shi a ƙasar Jamus aka nuna a Berlin a 2018. Namu mun bar shi ya yi ƙura, na wani kuma muna zagi.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da abu uku. Na ɗaya, ta sa gasar ƙagaggen labari na tarihi, a sharɗanta wa kowane marubuci ya faɗi inda ya samo ruwayarsa da inda ya ƙara gishiri. Na biyu, a fitar da ɗan littafi mai arha a kan Amina domin 'yan sakandare, wanda zai jera ruwayoyin nan gefe da gefe. Na uku, a nemi zama da masu shirya finafinan Hausa, a ba su labarin da ya tsayu da ƙafafunsa.

Ku kuma matasa masu sha'awar rubutu, soyayya ba laifi ba ce, amma ba ita kaɗai ce a duniya ba. In ba mu rubuta Amina ba, wani zai sake rubuta mana ita, 'ya'yanmu su haddace, mu kuma mu sake kumfar baki. Allah Ya sa mu farga, amin.