Sauya wa Tsohuwar Mota Launi: Ado ne ko Asara?

Da zarar matashi ya kama aikin gwamnati, ya harhaɗa 'yan kuɗinsa ya sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano, ko ya gaji Peugeot 504 irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sai abokai su fara zuga shi ya sauya mata launi don a zaci sabuwa ce. Nan da nan za a nuna masa mai fenti a bakin titi wanda zai gama aikin cikin kwana biyu a kan kuɗi kaɗan. Ra'ayina shi ne wannan shawara asara ce, kuma ga dalilaina.

Da farko, tsadar fenti tana ga aikin da ake yi kafin a fesa shi. Sai an kankare tsohon fenti, an cire tsatsa har ƙarfe ya fito fes, an daddage inda ya lotse, an shafa fentin ƙasa, sa'an nan a fesa na sama a wurin da ƙura ba ta shiga. Mai araha duk wannan yake tsallakewa. A fili yake aikinsa, iskar hunturu tana yayyafa wa ɗanyen fenti ƙura, tsatsar da ya binne kuwa tana ci gaba da cin ƙarfe ta ƙarƙashi. Damina ɗaya ko biyu, sai jikin motar ya kumbura ya fara ɓarewa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na biyu, sauya launi ya fi maimaita shi wuya. Wanda ya maimaita fari a kan fari, ko ta ƙarce ba mai lura. Wanda kuwa ya mai da fara ja, sai ya bi bakin ƙofofi da cikin but da ɗakin inji, abin da kuɗi kaɗan ba sa yi. Ranar da za ka sayar, mai saye zai buɗe ƙofa ya ga launi biyu, ya yi zaton haɗari ake ɓoyewa ko sata, ya karya farashi.

Na uku, akwai hukuma. Launin mota a rubuce yake cikin takardunta. In ka sauya ba ka je ofishin lasisi an gyara ba, duk shingen da ka isa sai ka yi wa 'yan sanda dogon bayani. Haka kuma tun 1977 doka ta hana farar hula a Nijeriya hawa mota mai koren launi irin na soja.

Wani zai ce ai motarsa ce, kuma kyan gani yana ƙara wa mutum kwarjini a ofis. Gaskiya ne, ba na kushe son ado. Amma ɗan albashin ƙaramin ma'aikaci bai isa a raba shi ko'ina ba, kuma birki da taya da fitila su ke mai da mutum gida lafiya.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a fara da gyaran inji da birki, a kashe tsatsa tun tana ƙarama, a bar mota da launinta na asali. In hali ya samu, a nemi gwani a biya shi hakkinsa ya yi aikin sau ɗaya. Allah ya kiyashe mu da gyaran gangar Auzinawa.