FAGEN WASANNI: Harbin bara da ƙaramar bindiga, ta ina ɗan koyo zai fara?

Tun daga wasannin Olimfik na birnin Paris a shekarar 2024, hoton wani magidanci ɗan ƙasar Turkiya mai suna Yusuf Dikec yake yawo cikin wayoyin salula, daga rumfunan kasuwa har fadodin da matasa suke shan shayi. Mutumin yana da shekara 51 a lokacin, ya tsaya hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, shi da abokiyar wasansa suka samo wa ƙasarsu lambar azurfa. Wanda ya gan shi sai ya ɗauka abin banza ne. Alhali kuwa shekaru ya yi yana horo kafin ya kai wannan matsayi.

A garin Bengu, cikin gundumar Gaya, inda ƙasar Nijar ta haɗa iyaka da Najeriya da Benin, kalmar bindiga ba abar wasa ba ce. Fatake masu ɗaukar gishirin Foga da masu bin hanyar Kamba sun san abin da ƴan bindiga suka jawo wa ƙauyukan kan iyaka a shekarun nan. Saboda haka ya wajaba a rarrabe tun da fari: makami daban, wasa daban. Yankin ya gaji mafarauta da sarakunan baka, yara kuma tun suna ƙanana suke gwada saiti da danƙo a gonakin gero. Wasan harbin bara ɗan'uwan wannan gado ne, sai dai abin harbinsa takarda ce kawai.

Wasan yana cikin Olimfik tun na farko, wanda aka yi a birnin Atina a 1896, ƙungiyar duniya mai kula da shi kuwa an kafa ta a 1907. Reshen da ya dace da ɗan koyo shi ne na ƙaramar bindigar iska, wanda aka shigar cikin Olimfik a 1988. Wannan bindiga ba ta amfani da albarushi; matsattsiyar iska ce take tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4,5. Maharbi yana tsayawa da ƙafafunsa, nesa da takarda da mita 10, ya riƙe bindiga da hannu guda ba tare da jingina ba. Zai yi harbi 60, kowane harbi makinsa mafi girma 10, jimla 600. Da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11,5 ne, wato ba ta kai ƙwandalar dala ba. Duk da haka, ɗan Koriya ta Kudu Jin Jong-oh ya ci maki 594 a shekarar 2009.

Matakin farko ba ya cikin filin harbi, yana cikin ofishin hukuma. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izni daga ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 aka kafa hukumar tattara makaman da ake riƙewa ba bisa ƙa'ida ba. Farauta ma tana da dokarta ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998. Mai sha'awar wasan, ko da bindigar iska yake nufin saye, sai ya fara tunkarar jandarma ya ji abin da doka ta yarje masa, ya kuma san abin da ma'aikatan duwan za su nema kafin a shigo da ita. Ɗan kasuwar da ya sayi libarba a ɓoye daga hannun ƴan fasa-ƙwauri da sunan koyon harbi, ya saya wa kansa gidan kaso, ya kuma ajiye wa iyalinsa masifa ƙarƙashin katifa. Ma'aikacin gwamnati kuwa har aikinsa yake sakawa cikin haɗari.

Mataki na biyu shi ne ladabin riƙo, kuma ba a koyonsa sai gaban malami. Kowace bindiga ana ɗaukarta tamkar tana da harsashi, ko da mai ita ya rantse babu. Ba a juya bakinta wajen mutum, ko da wasa. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an daidaita bara. Dole ne a san abin da yake bayan takarda, domin ƙwayar dalma, ƙanƙantarta duka, tana tsiyayar da ido. Harsashi kamar magana yake, zarar bunu ne, in ya fita ba ya komowa. A gasa ta gaskiya, wanda ya saɓa wa waɗannan ƙa'idodi alƙalin wasa yana fitar da shi, ko nawa ne makinsa.

Sai na uku, wanda yake neman haƙuri. Maharbi yana ware ƙafafunsa gwargwadon faɗin kafaɗa, ya juya gefensa ga takarda, ya sa hannun da ba ya aiki cikin aljihu ko ɗamara domin jiki ya natsu. Ke nan abin da Yusuf Dikec ya yi ba gadara ba ce, tsarin wasan ne. Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne zuba wa takarda ido. Gwanaye suna kafa idonsu kan ɗan tsinin da yake bakin bindiga, su daidaita shi tsakiyar tsagar da take baya, takarda kuwa su bar ta dishi-dishi. Sannan a ja numfashi, a saki rabi, a riƙe, a matsa kunama sannu a hankali har harbi ya fita da kansa. Doka ta ce kunamar kada ta motsa da nauyin da ya kasa giram 500, don haka mai fizgarta ba zai taɓa samun tsakiya ba. In hannu ya daɗe a sama har ya soma rawa, sai a sauke a sake. Bayan harbi ma ba a gaggawar sauke hannu.

Abin da zai faranta ran mai ƙaramin ƙarfi shi ne, rabin horon ba ya cin ko dala. Nauyin bindigar gasa ba ya wuce kilo ɗaya da rabi. Saurayi yana iya cika kwalba da ruwa lita ɗaya, ya miƙe hannu da ita yana duban ɗigo a bango, safe da maraice, har kafaɗa ta saba. Ranar da ya samu filin harbi, kada ya damu da maki. Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Abin nema da fari shi ne hujin su taru wuri guda, ko a gefen takarda ne, domin gyaran saiti abu ne mai sauƙi. Ya kuma riƙe littafi yana rubuta sakamakon kowace rana, kamar yadda ɗan tireda yake rubuta cinikinsa.

Wanda yake ganin ya makara, ya tuna da Karoly Takacs, sojan ƙasar Hangari. A 1938 gurneti ya fashe masa a hannun dama, hannun da yake harbi da shi. Ya koma gida ya koya wa hagu, ya ci lambar zinariya a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952.

Nijar lambobin Olimfik biyu gare ta: tagulla ta Isaka Dabore a dambe a 1972, da azurfa ta Abdul Razak Isufu Alfaga a taikwando a 2016. Wasan bindigar iska ba ya neman babban fili. Zaure mai tsawon mita 15 da malami guda sun isa. Ya rage ga ma'aikatar matasa da wasanni, tare da magadan gari da jami'an tsaro na Gaya da Doso, su dubi yadda za a buɗe irin wannan zaure ƙarƙashin idon hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya koyi ladabin bindiga gaban malami ya fi wuyar ruɗuwa ga masu raba ta cikin daji. Kafin wannan rana, iyaye da iyayen gida a kasuwa su ja kunnen matasa kada ɗoki ya kai su ga sayen abin da doka ta hana. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.