Kada Zazzaɓin Allura Ya Tsorata Ki

'Yan'uwa mata na Rano da Kibiya, kun sani da bazara ta kama sai baƙon dauro ya shigo gari. Duk da haka wata takan hana ɗanta allura, wai na maƙwabciya ya yi zazzaɓi bayan an yi masa. To, ku saurara.

In cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin jikin da ta kama sukan saki wani sinadari, intaferon, wanda masana suka gano a Landan a 1957. Shi ne sankira, yana shela kowa ya shirya. Ƙyanda kuwa toshe bakinsa take yi, ta kuma karkashe dakarun jini masu tuna cututtukan baya. Shi ya sa yaro kan tashi daga ƙyanda, gudawa ko ciwon haƙarƙari ya sake kwantar da shi.

Ƙwayar da ke cikin allura an karya lagonta. Ɗan zazzaɓin nan alama ce jiki ya ji shela. In ya tsananta, ki koma asibiti.

Ki kai ɗanki yana wata 9, ki mayar da shi a wata 15. Kyauta ne. Ku kuma 'yan makaranta, ku duba katin ƙannenku yau.